Baba Ƙasimu, Mazaunin Dokin Ƙofa

Idan aka sallame sallar asuba a Masallacin Annabi, Baba Ƙasimu Maiturare ba ya komawa gida. Yakan ratsa ta cikin masu share farfajiya, riƙe da butar shayin da aka jefa wa na'ana'a, har ya isa wani ƙaramin ɗakin shan magani na alhazai. A can akwai benci a tsakanin ƙofar likita da layin marasa lafiya. Fiye da shekara talatin wannan benci ne ofishinsa. Tsohuwa daga Zinder ta ce ƙirjinta na suka, ya faɗa wa likita da Larabci. Likita ya ba da umarni, ya mayar mata da Hausa. Turancin da ya tsinta a rediyo kuwa yana ajiye shi don baƙin da ba su jin ko ɗaya daga cikin biyun. A wannan wata na shekarar 2008 zai bar bencin, domin kunnensa na hagu ya fara gajiya.

Ba aikin asibitin ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Akwai wani aikin da ya yi wa danginmu, wanda ba a ɗauke shi a kansa ba, kuma ina tsoron a manta da shi tun yana da rai.

Mu dangin Maiturare jikokin mutanen da suka tako da ƙafa ne daga ƙasar Hausa, suka ratso Sudan, suka zauna. Babban gida yana Makka, inda Alhaji Zainulabideen, dattijon dangi, yake. Mu na Madina reshe ne. A hannunmu akwai gidan baƙi na wakafi a unguwar Harra ta Gabas, inda 'yan'uwa masu zuwa ziyara ke sauka, da 'yan itatuwan dabino a Badr, waɗanda ake raba 'ya'yansu ga matan da mazansu suka rasu. Al'adar da muka tarar ita ce ko ƙusa ba a bugawa a gidan wakafi sai Makka ta ce to.

A tsakiyar zafin shekarar 2000 injin da ke tura ruwa zuwa tankin gidan baƙi ya mutu. Aka buga waya Makka, aka ce Alhaji ya hau Ɗa'ifa shan iska. Mai gyara yana nan a bayan layi, amma babu wanda ya isa ya kira shi. Wasu tsofaffin mata da suka zo daga Maraɗi suka yi ta hawa bene da bokiti, har ɗayarsu ta yanke jiki ta faɗi. Allah Ya sa da sauran kwana.

Suhaib, wani matashin danginmu wanda a lokacin ya gama karatun injiniya, ya tara matasa. «Halas, ya Ammi,» ya ce wa Baba Ƙasimu da Larabci, wato ya isa haka, Baffa. «Mu raba gari da Makka. Su riƙe sunan, mu riƙe gidan.»

Na san abin da wannan magana ke nufi, ko da yake ina sakandare. Idan an raba, shari'a ce a kan takardar wakafi, kuma gaba ce da za ta kai har kan jana'iza da ɗaurin aure. Dangin da hamada ba ta raba ba, injin ruwa zai raba su.

Baba Ƙasimu ya ce a ba shi mako guda. Ashe yana da wani labari a ajiye.

A azumin da ya gabata wani mai Umara ya kawo mahaifiyarsa ɗakin shan magani. Sunansa Abdulrauf, jikan matuƙan jirgin ruwa 'yan Yemen da suka zauna a birnin Cardiff, a yankin Wales na Birtaniya. Aikinsa kula da na'urorin magana a sabuwar majalisar yankin. Yayin da ake ƙara wa tsohuwar ruwa, suka yi ta hira a kan benci. Abdulrauf ya ba shi labarin yadda mutanen Wales suka daɗe suna jiran Landan ta yanke musu ƙanana da manyan al'amura, har aka yi ƙuri'ar raba gardama a 1997, masu son majalisa suka yi rinjaye da ƙyar. Ba su ɓalle ba. An ba su majalisa mai wakilai sittin, arba'in daga mazaɓu, ashirin daga manyan shiyyoyi, aka danƙa mata asibitoci da makarantu da noma da raya harshensu. Soja da hulɗa da ƙasashen waje da haraji suka zauna a Landan. Abin da ya fi tsaya wa Baba Ƙasimu a rai shi ne cewa wakili na iya miƙewa ya yi magana da harshen Welsh, wanda ba ya ji kuma ya sa na'ura a kunne, tafinta ya mayar masa da Turanci.

Da wannan labari ya hau mota zuwa Makka. Ɗan Alhaji, wanda ya zuba musu gahawa, shi ya ba ni labarin zaman.

«Wato Ƙasimu, Turawa za su koya mini riƙon gida?» in ji Alhaji.

«A'a, Yaya. Su ma rigimar gida ce ta koya musu. Takardar wakafi tana hannunka. Sulhun aure da zuwa gaban hukuma da sunan dangi, naka ne. Ka bar mana famfo da tabarma da marasa lafiya da karatun yara da dabinon Badr.»

«In na ba ku famfo yau, gobe ku nemi gidan.»

«In ka hana famfo yau, Yaya, gidan za su nema gobe. Yaran nan da Larabci suke fushi, kai kuma da Hausa kake ba da haƙuri. Ba ku ma jin juna.»

Alhaji ya ajiye kofin gahawarsa. Daga bisani ya ce a tambayi magidanta na garuruwan biyu. Aka tambaya, masu yarda suka ɗara da mutum biyu ko uku kawai. Da Suhaib ya yi ƙorafin cewa wannan ba rinjaye ba ne, Baba Ƙasimu ya ce masa, «Da ƙyar na tsira ya fi da ƙyar aka kama ni. Na Wales ma haka suka sha.»

Haka aka fara zaman Madina, Juma'ar farko ta kowane wata bayan la'asar, a falon gidan baƙi. Maza a falo, mata a ɗakin da ke jikinsa, labule a tsakani. Tun zaman farko aka ga matsala: tsofaffi ba sa iya kai hujja da Larabci, mu kuma da aka haifa a nan muna jin Hausa amma da Larabci muke amsawa. Baba Ƙasimu ya ɗauko ƙaramar kujera ya ajiye a dokin ƙofa, rabin jikinsa a falo, kunnensa a wajen labule. Ya ce ba mu da na'ura, amma muna da shi. Kowa ya yi magana da harshen da yake mafarki da shi.

Kai ne ka sa, Baba, aka daina cewa «mata sun yarda» ba tare da an ji muryarsu ba. Kai ne ka sa yaron da ya ce «mushkila» da tsohon da ya ce «damuwa» suka gane ciwo ɗaya suke nunawa.

Sai dai an yi kuskure, kuma kuskuren irin namu ne. Saboda ƙauna da girmamawa, aka ɗora masa komai. Shi ke jagorantar zama, shi ke fassara, shi kuma ke aiwatar da abin da aka yanke. A wajenmu ba a tsare dattijo da tambaya. Don haka shekara da shekaru zaman yana tambayar kowa ban da mutumin da aikin ke hannunsa. Abdulrauf, wanda ke buga masa waya duk Sallah, ya taɓa gaya masa cewa su ma a Wales da farko majalisa da masu gudanar da mulki jiki ɗaya ne a doka, har mutane suka rasa wa za su tuhuma in abu ya ɓaci, kuma an yi sabuwar doka da za ta raba su a 2007: babban minista da ministocinsa su yi aiki, majalisa ta tsare su da tambaya. Baba Ƙasimu ya yi dariya ya ce mu ba mu kai nan ba.

Dabino ba ya haihuwa da kyau sai an hau an sa wa macen furen namiji a kan lokaci. A farkon 2007 lokacin ya zo daidai da cikar Madina da alhazan da suka gama aikin Hajji. Baba Ƙasimu ya nutse a asibiti, ya manta bai tura mai hawan dabino zuwa Badr ba. Da aka je girbi, sai ƙananan 'ya'ya marasa zaƙi, waɗanda ko awaki sai sun yi shawara. Azumi ya matso, matan da ke jiran dabinon buɗa-baki suka ji shiru.

Kowa ya san abin da ya faru, babu wanda ya furta. Amma a bayan fage magana ta ruɓe. Na Makka suka ce ga abin da muka guda, a mayar da komai hannun Alhaji. Matasanmu suka ce tsofaffi na rufa wa juna asiri, gara a raba gari kowa ya huta. Na zauna a zaman Sha'aban ina kallon fuskoki, ina jin cewa wannan ne na ƙarshe.

An kusa tashi sai murya ta fito daga bayan labule. Inna Ƙaltume ce, wadda ta girmi Baba Ƙasimu, kuma ba ta taɓa yarda ta yi cikakkiyar jimla da Larabci ba.

«Ƙasimu, ina da tambaya. Dabinon Badr, wa aka ce ya kula da shi? In kai ne, barci ka yi ko mantuwa? Kuma wa ya tambaye ka tun da aka fara wannan zama? Ka faɗa wa yaran nan yadda na faɗa. Kada ka sa mata zuma, ina jin Larabcin zagi.»

Da yawa daga cikin matasa ba su kama duka maganarta ba, domin ta yi ta da sauri, da Hausar Damagaram. Baba Ƙasimu yana iya tausasa ta. Yana iya cewa Inna tana tambayar lafiyar gona. Sai ya juyo ga falo, ya mayar da maganar da Larabci kalma bayan kalma, har da barcin, har da mantuwar, da irin kaifin da ta fito da shi. Sannan ya amsa da Hausa, ya sake maimaitawa da Larabci: «Ni ne. Mantuwa ce. Kuma babu wanda ya taɓa tambayata, wannan ma laifina ne.»

Suhaib ya sunkuyar da kai. Ya zo ne da shirin tona abin da yake zaton za a ɓoye.

A nan take Baba Ƙasimu ya ce a raba aikin. A zaɓi mutum uku su riƙa gudanarwa, zaman kuma ya riƙa tsare su da tambaya kowane wata, kuma duk mai gudanarwa ba zai jagoranci zama ba. Shi kansa ya ajiye komai sai kujerar dokin ƙofa. Aka zaɓi Suhaib a kan gaba.

«Ya Ammi, ni za a riƙa titsiyewa kenan?»

«Kai ka ce tsofaffi ba sa amsa tambaya. Bismillah.»

Inna Ƙaltume ta ce daga ciki, «Ni zan fara da shi.»

Aka yi dariyar da aka daɗe ba a yi ba a wannan falo. Magidanta suka kawo dabino daga gidajensu, aka kai wa matan kafin ganin wata.

Nakan yi tunani a kan wannan minti guda fiye da yadda ya kamata. Na yi karatun tsarin mulki a jami'a, na san ana rubuta dokoki don a kare mutane daga mugun shugaba. Ban taɓa lura ba cewa akwai buƙatar a kare su daga nagari ma, wanda ƙauna ke hana a tambaye shi. Kai ne gadar da aka taka aka tuhume ka, Baba, kuma ba ka karye ba.

A watan jiya Alhaji Zainulabideen ya zo Madina da kansa, a kan keken guragu, ya halarci zaman. An ba shi wurin zaman girma, amma da aka zo maganar fentin gidan baƙi sai ya ce wannan ba huruminsa ba ne, shi baƙo ne a nan. Ya jira har aka ba shi dama, ya tambayi Suhaib labarin Badr. Dabinon bana ya yi kyau. Kafin Baba Ƙasimu ya karkato da kunnensa mai ji, Suhaib ya amsa da kansa, da Hausa mai ɗingishi: «An sa fure da wuri, Baba. Ni na hau… na hau da shi mai hawa.»

«Kai ka hau, ko shi ya hau?» in ji Inna Ƙaltume.

Daga bayan labule Sundus, jikarta, wadda ta roƙi a ba ta kujerar dokin ƙofa daga ɓangaren mata, ta mayar da tambayar da Larabci ba tare da ta rage mata komai ba. Baba Ƙasimu ya jingina da bango ya lumshe ido.

Mun gode, Baba. Allah Ya saka maka da abin da ya fi benci da kujera, Ya bar maka kunnen dama ka daɗe kana jin mu. Ku kuma masu karatu, duk wanda Allah Ya ba harshe biyu a cikinku, akwai wata ƙofa a gidanku da mutane ke magana ta gefe biyu ba sa jin juna. Ku ɗauki kujera ku zauna a wurin. In ranar ta zo da maganar da za ku isar a kanku take, ku isar da ita yadda aka faɗe ta.