Almakashin Tela a Ajin Faransanci

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da Madam Ndedi ta tare ni a barandar makaranta, tsintsiya na hannuna ba. Ni ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubuta min, don matan da suka gaje ni a shara da iyayen yaran unguwarmu su ji.

A shekarun kiriz ne, wato matsin tattalin arziki, lokacin da aka zabge albashi, kantuna suka riƙa wuni a rufe, wata rana ko tasi ɗaya ba ka gani a titi. A cikin shekarun nan maigidana ya rasu. Tela ne. Allah ya jiƙansa, har yanzu in na ambace shi sai na goge ido. Da na fita takaba, aka sama min aikin shara a wata kolej mai zaman kanta a bakin unguwar New Bell. Ƙa'idar gidan ita ce, ma'aikaci yana da kujera ɗaya ta ɗansa ba tare da biya ba, amma da kiriz ta yi tsanani shugaban makaranta ya ce duk ɗan ma'aikacin da ya maimaita aji ya rasa kujerar. Ni 'yata ta fari na sa, wadda ake kira Talatu. Tana aji biyu, wanda suke ce wa sankyem.

Ga wanda bai sani ba, maki a can bisa ashirin ake ba da shi, sai yaro ya kai goma in an haɗa komai sannan ya wuce. Darussan kuma ba nauyinsu ɗaya ba, Faransanci ya fi yawancinsu nauyi, in ya faɗi yakan ja sauran ƙasa. Ni da nake share bakin azuzuwa na daɗe ina jin yadda ajin yake. Akwai dikte, malama na faɗa yara na rubutawa. Akwai karatun littafi da tambayoyi a kansa. Akwai redaksiyon, a ba yaro magana ya rubuta daga kansa. Sai kuma ekspoze, yaro ya miƙe gaban aji ya yi bayani da bakinsa. Mu iyaye dikte kaɗai muka sani. In muka ga takarda ba jan biro da yawa, sai mu ce alhamdu lillahi.

Ranar nan, farkon zango na uku ne, ruwa ya fara sauka. Madam Ndedi, malamar Faransanci, ta ce, "Mami Talatu, kam," wato in zo. Ta kai ni ofishin Malam Hamadu, mai kula da tarbiyyar ɗalibai, Bafillace ne mai jin Hausa, don ya yi mana tafinta.

Ya ce, "Maman Talatu, Madam ta ce dikten yarinyar nan ba wanda ya kai shi tsabta. Amma in aka ce ta rubuta daga kanta, layi biyu take yi ta ajiye biro. In aka ce ta miƙe, sai ta zama ice. Saura ekspoze ɗaya a shekara. In ta yi shiru a wannan ma, ba za ta kai goma ba."

Na ce, "A kan me za a yi?"

"Sana'ar uba ko ta uwa. Yaro zai tambaya a gida ya zo ya faɗa. Madam ta ce mata ta ɗauki taki, don kada a fama mata ciwo. Ita ta ce a'a, ta babanta za ta yi."

Madam ta dube ni ta yi wata tambaya, Malam Hamadu ya juya min: "Wai me kuke hira a kai, ke da ita, a gida?"

Na ce, "Malam, ta fari ce fa."

Ya yi dariya, ya ce, "Ni za ki gaya wa? Uwata har ta rasu ba ta taɓa dubana ido cikin ido ba." Ya daɗe yana yi wa Madam bayani, cewa a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, kuma mace ba ta baza labarin mijinta. Madam ba ta raina ba. Ita ma a wancan lokacin, da ƙafa take zuwa daga wajen Ndokoti, takalminta duk taɓo. Ta ce a gaya min ba ta ce in bar al'adata ba. Ta ce, "Faransanci ni zan ba ta. Abin da za ta faɗa da shi, ba ni da shi. Yana gidanku."

Da farko na nemi hanya mai sauƙi. Na tura Talatu wurin Gwaggo Asabe, yayar babanta, da muke gida ɗaya. Ta dawo da magana ɗaya: mutumin kirki ne, ba ya fashin salla. Gaskiya ne, amma ba zai cika minti ɗaya a gaban aji ba. Na kwana ina juyi. Na ce a raina, kiriz ta ɗauke min miji, ba za ta haɗa da kujerar yarinyar nan ba.

Ran Lahadi da hantsi na jawo keken ɗinkinsa daga ƙarƙashin gado. Tun rasuwarsa ban buɗe shi ba. Na ajiye shi a tsakar gida, na ba Talatu baya, tana can tana wanki. Na ɗauki tsumma da mai ina gogewa, na fara magana kamar da keken nake. Na ce, kai ne ka ɗinka wa rabin unguwar nan kayan salla. Maigidanka ba ya auna yaro da igiya, kallo ɗaya yake yi masa, ya ƙara ɗan yatsa biyu don girma. Alli a bayan kunne, zare a baki. Na ce, da gwanjo ya cika kasuwa, mutane suka daina ɗinka sabo, bai zauna ba. Ya rufe shago, ya cire ka daga kan tebur, ya saɓa ka a kafaɗa, yana yawo lungu-lungu har Kassalafam yana faci. Ba ya kiran ciniki da baki, almakashi yake kaɗawa, ƙyas-ƙyas, mata su leƙo.

Sai na ji wanki ya tsaya. Can ta ce, "Inna, ba ya jin kunya? Mai shago ya koma faci?"

Ita ce tambaya ta farko da ta taɓa yi min a kansa. Kuka ya zo min, na bar shi ya zo. Da na samu numfashi na ce, "Ya ji. Ranar farko ya kai bakin ƙofa ya dawo har sau biyu. Daga nan ya ce wando mai faci ya fi tsirara, tela mai faci ya fi mai roƙo." Ta sake tambaya, na sake amsawa. Na gaya mata bai taɓa karɓar ko sisi a kan ɗinkin likkafani ba.

Gwaggo Asabe ta fito da buta, ta tsaya. "Iko sai Allah! Yau uwa da ta fari ake hira? Lallai duniya ta zo ƙarshe."

Na ce, "Gwaggo, kiriz ta ci nama ta ci shinkafa, bari ta ɗan taɓa kunya ma."

Ta ce, "Bakinki da kaifi tun kina amarya." Amma ba ta tafi ba. Ta zauna, har ta ba da labarin yadda ya lalata mata atamfa yana koyo.

Duk makon, Talatu ta riƙa juya maganar zuwa Faransanci, kalmar da ta rasa ta tambayi Madam. Da la'asar nakan tsayar da ita a bakin zaure, ni ina can ƙarshen tsakar gida. Ko kalma ba na ganewa, amma na san murya in ta mutu. Sai in ce, "Ban ji ba. Sake."

Ranar ekspoze na kai sharata bakin tagar ajinsu. Aka kira ta, ta miƙe, ta yi shiru. Yaran baya suka fara ƙus-ƙus. Na riƙe tsintsiya har hannuna ya yi zafi. Sai na ga ta sa hannu a jaka, ta fito da almakashinsa. Wallahi ban san ta ɗauka ba. Ta ɗaga shi ta kaɗa, ƙyas-ƙyas. Wani yaro ɗan Kassalafam ya yi tsalle yana nuna gwiwar wandonsa, yana ta magana. Daga baya Malam Hamadu ya gaya min cewa yaron ya yi, "Na san shi! Shi ya yi wannan, na yayana ne, har yau bai farke ba!" Aji ya ɗauki dariya, Talatu ma ta yi. Daga nan bakinta ya buɗe. Ta yi tuntuɓe, Madam ta gyara mata nan da can, amma ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙarshe. Ni na sulale bayan aji na yi kukana.

Da malamai suka zauna a ƙarshen shekara, ta haura goma da ɗan kaɗan. Kaɗan ɗin ya isa. Ta wuce aji uku, kujerarta tana nan.

Na yi shekaru ina shara bayan wannan, kuma na lura malaman harshe kusan duk damuwarsu ɗaya: yaranmu suna zuwa da ladabi da kyakkyawan rubutu, amma ba a saba tambayarsu me suke gani ba. Ku da kuke aiki a makarantu, kunnenku yana jin abin da iyaye ba sa ji, ku kai musu. Ku iyaye kuma, kada ku jira sai an kira ku. Ku je ku ce wa malama, ban da dikte, yana magana? Yana rubutu daga kansa? In wata ta ce min ai ita ba ta jin Faransanci, nakan ce ni ma haka. Ki ba shi labarin gidanku, ki bar shi ya tambaya, ki daure ki amsa. Amsar ce mai wuya. Ni har gobe da hawaye nake ba da ita, amma ina bayarwa.