Jaririyar ƙarƙashin teburin yanka

Shekarun baya na fara ɗinki a wata ma'aikata a Gaya, duk mu mata ne, muna yi wa wani kamfanin Kano rigunan makaranta. Ƙawata 'yar Gafasa ce, kekenta na jikin nawa, kuma da goyonta take zuwa. Mun shimfiɗa wa jaririyar ƙyallaye a kwali ƙarƙashin teburin yanka. Ƙarar kekuna ke sa ta barci. In aka ɗauke wuta sai ta farka ta hau faɗa, kamar ita ce manaja.

Rannan manaja ya ce kamfanin zai turo masu duba yanayin aiki. Kafin su iso, fankar da ta shekara a mace ta tashi, aka kwashe dilolin da suka toshe ƙofar baya, aka kai jaririya maƙwabta. Manaja ya ja mana kunne: "Kowa ta amsa abin da aka tambaye ta kawai."

Ni kuwa bakina bai san kawai ba. Da masu dubawar suka zo, wata Hajiya a cikinsu ta tsaya a kaina ta ce, "Baiwar Allah, me kika fi so a wurin nan?"

Na ce, "Wallahi Hajiya, 'yarmu." Har da jan hannunta na nuna mata kwalin.

Ta dubi kwalin, ta dubi almakashi da wayar dutsen guga da ke lilo a samansa, ta yi rubutu.

Gaskiya mun ci moriyar zuwansu. Fanka ta ɗore, aka sa mana randar ruwa, aka daina riƙe mu har magariba. Amma sai aka kafa doka cewa ba a shiga da goyo. Ƙawata ba ta da mai riƙe mata, sai ta ajiye aiki.

Na raka ta mota ina kuka, na ce ta yafe mini. Ta ce, "In yafe me? Ƙarya kika yi? Ai 'yarku ce."

Na san Hajiyar nan tana da gaskiya, amma har yau ina kewarsu. In an ɗauke wuta, kunnena na jiran kukan nan. Yarinyar yanzu ta isa shiga aji ɗaya. Shi ya sa duk ƙaramar rigar da ta zo hannuna sau biyu nake bin ɗinkinta, ko Allah zai sa ita za a saya wa.