Tafiyata Filinge gyaran kwamfutar Yayata

Ana sallame sallar asuba muka bar Yamai, ni da abokin sana'ata, cikin ƙaramar bas da aka ɗora mata kaya har ta fi tsawonta. Abin da ya tashe ni bai kai girman ɗan yatsa ba, kile USB ce, 'yar ma'ajiyar bayanan kwamfuta, a aljihun rigata.

Yayata tana da shagon hoto a Filinge, da shi take riƙe da 'ya'yanta tun rasuwar mijinta. Kwamfutar da take haɗa bidiyon biki da ita ta shiga mutuwa ana tsakar aiki. Da na bincika, sai na ga furosesarta, wato ƙwaƙwalwar injin, tana cikin irin waɗanda ke jan wuta fiye da kima. Masu ƙera ta sun fitar da gyaran ɗan umarnin da ke tafiyar da ita, wanda ake kira mikrokod, kuma ta BIOS, wato shirin da ke tada injin, ake sa shi. Gyaran nan ne na ɗauko a kile ɗin. Ba aikin da za a yi ta waya ba ne.

Hanya ba laifi, sai dai shingen sojoji. Ko'ina a sauka, a nuna kati, a koma. A Baleyara mun tarar da kasuwa ta cika, raƙuma da shanu har bakin kwalta. Muka ci kopto, wato kwaɗon zogale, da garin rogo wajen wata Bazabarma. Abokina ya taya rago don wasa, da ya ji kuɗin sai ya ce ashe gaisawa kawai ya zo yi. Daga Tabla zuwa Bankuku an gama yankan hatsi, dammunan gero jingine a bakin rumbuna, duwatsun kwarin da ake kira dallol ja wur daga gefe.

Da la'asar muka isa. Yaya ta tarbe mu da fura mai sanyi. Na ce ba zan taɓa injin da wutar gari ba, don in aka ɗauke ana cikin sa BIOS, shi ke nan. Wani tela maƙwabcinta ya ja mana waya daga batirin solarsa. Aikin ya tafi lafiya, na duba lambar mikrokod na ga ta sauya. Yaya har da guɗa.

Washegari muka gwada da aikin da ya fi damun ta. Bidiyon wani tsoho ne mai garaya daga ƙauyen Kurfai, wanda ya yi shekaru yana yi wa 'yan bori kiɗa. Ya rasu da damina, iyalinsa suna jiran faifan. Aiki ya yi nisa, sai allo ya yi shuɗi. Muka sake, haka. Na san ma'anarsa. Gyaran yana hana lalacewa ne, ba ya mayar da abin da ya riga ya ci.

"Auta, mi ya hwaru?"

"Yaya, ƙwaƙwalwar ta riga ta gaji. Sai an sake wata."

Ta kalli allon ta ce, "To, mi za ni ce ma ɗiyan tsohon ga?"

Na rage wa injin gudu don ya iya buga hotuna, na kwashe bidiyon a faifai na taho da shi. Aikin bikin da ta karɓa na wannan watan kuwa, dole ta mayar wa masu shi.

A hanyar dawowa ban ga kasuwa ba, ban ji yunwa ba. Mun shigo Yamai da magariba. Abin da na koya shi ne, irin wannan gyara ana yin sa ne tun inji yana lafiya. Duk mai kwamfuta ya duba nasa yau, ko ya nemi wanda ya iya. Na gama haɗa bidiyon tsohon jiya, na ba direba ya kai wa Yaya. Shagon Yaya kuwa har yanzu hoton kati kawai ake bugawa.