Katin da Sabo ya bari a gida

Shekara ashirin da biyar ke nan da rasuwar abokina Sabo, kuma har yau in na ga matashi yana gina shafin intanet sai ya faɗo mini a rai.

Ɗaki ɗaya muka kama haya a unguwar Hashimi, mu biyu 'yan Zariya masu kwana a Suleja, masu yini a Abuja. Ni masinja ne, shi kuwa mai buga tafireta a wani kamfani. A ƙarshen shekarun casa'in kamfanin ya sayi kwamfutoci, aka ce a cikin masu buga takardu mutum ɗaya za a riƙe, wanda zai iya kula da shafin kamfanin a intanet. Sauran kowa ya kama gabansa. Sabo yana da mata, Hajara, da goyo a gida, yana jiran ya zauna da gindinsa ya ɗauko su.

Wani injiniya ya raba musu kati mai fuska biyu, ya ce bayan 'yan makonni za a gwada su. Fuska ɗaya alamomin HTML ne, wato harshen da ake tsara shafi da shi: wannan ta buɗe sakin layi, wannan ta kaurara rubutu, wannan ta saka hoto. Ɗaya fuskar lambobin launi ne da na girman haruffa. Sabo mahaddaci ne tun yana yaro, saboda haka ya ɗauki katin nan yadda ya saba ɗaukar karatu. A motar Abuja, mun matsu kamar kifin gwangwani, sai ya miƙo mini ya ce, "Riƙe mini, ka ji ni." Yana kawowa da ka, ni ina bi da yatsa, ban san ko me nake bi ba. Wallahi na gaji da katin nan tun kafin mai shi ya gaji.

Ranar gwaji, Sabo zai fita, na ga katin a kan tabarma, na ce, "Malam, ka manta katinka."

Ya ce, "Ba mantuwa ba ce. Wa ya taɓa zuwa a ji haddarsa da takarda a hannu?"

Abokin takararsa kuwa ya jingina nasa a jikin kwamfuta, yana leƙawa yana bugawa, domin shi makonnin nan a gaban na'ura ya yi su, ba a hadda ba. Sabo ya san kowace alama, amma hannunsa bai saba ba, kuma da ya rikice a wuri ɗaya ba shi da inda zai duba. Manajan ya ce masa, "Ai don a duba aka yi katin." Da maganar nan ya dawo gida, ya zauna bai ko cire takalmi ba.

Abokin takarar aka riƙe, Sabo kuwa bai sake samun aikin ofis ba. Ya koma wajen wani ɗan'uwansa a garin Garam yana noman doya, can ya kai iyalinsa, a can kuma ciwon ajali ya kwantar da shi damina biyu bayan haka.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Irin katin nan ya cika waya, kyauta, ba mai jin kunyar dubawa. Ɗansa ma wannan aikin yake yi a Abuja. Na taɓa karanto masa alamomin katin da suka maƙale a kaina, ya saurara cikin ladabi, sannan ya ce, "Kawu, da yawansu an daina amfani da su." Ban ji haushinsa ba, gajiya kawai na ji.

Me ya rage na Sabo? Mutum ne da ya ɗauki ilimi da girma har girman ya cuce shi, kuma ban san yadda zan raba yabo da takaici a nan ba. Bana na je gaida Hajara. Da zancensa ya taso sai ta gyara zama ta ce, "Ai duk cikinsu shi kaɗai ya san abin da ka." Alfahari take yi. Na ce mata haka ne, Allah ya jiƙansa.