Ranar da Rezo Ya Kai Ɗakin Inna

A gidanmu na Arlit, ɗakin Inna, uwar maigidana, yana can baya kusa da garken awaki, inda wifi ba ya kaiwa. Tun da ciwon ƙafa ya hana ta fitowa, wayarta ta yi shiru. Da ƙanwarta ta rasu a Damagaram, maigida ya ce a ɓoye mata sai hawan jininta ya sauka.

Ni na matsa a ja mata rezo, wato intanet, don ta riƙa jin karatun Alƙur'ani. Wata rana maigida ya dawo daga aiki da 'yar na'ura, ya hau tsani ya kafa ta a rumfa. Babu wanda ya tuna da saƙonnin da suka taru suna jira.

Ina tankaɗe a ƙofar madafa na ji wayar tana ta ƙara. Sai muryar wata 'yar'uwa ta fito daga ɗakin: "Inna, ya haƙuri? Allah ya jiƙanta." Wata muryar ta biyo, wata ma ta biyo. Rariya ta suɓuce mini. Maigida ya ƙame a kan tsani.

Na shiga ɗakin Inna. Tana zaune, wayar a cinya, ba ta ɗago ba sai da ta saurari na ƙarshe.

"'Yata," ta ce, "kawo mini ruwan alwala. Ki ce wa mijinki ya sauko ya shimfiɗa tabarma, ya sanar da maƙwabta. Ban karɓi gaisuwar ƙanwata ba tukuna."