Maƙoƙon Inna Safara'u

Inna Safara'u mai daddawa ta unguwar Kambarawa ba ta taɓa zama a aji ba, amma in ka tambaye ta sana'arta sai ta ce koyar da likitoci. Kuma ba ƙarya ce zalla ba. Allah ya yi mata maƙoƙo ƙato, mai cika tafin hannu biyu, da shi ta yi suna.

Likita Siddiq ne ya tsinto ta a Babbar Kasuwa tun zamanin soja. Yana da ɗan asibiti a wani ƙauye bayan gari, inda ake turo masa ɗaliban likitanci su koyi duba mutanen karkara. Abin da ya dame shi, matan ƙauyen ba sa yarda saurayi ya tsaya a bayansu ya dafa masu wuya. Safara'u ta ce ita nata ba na sayarwa ba ne, a taɓa. Tun daga nan duk ranar kasuwar ƙauyen tana gaban mota, kwandon daddawa a cinya, likita na tuƙi da gilas a sauke.

Aikin ba wahala. Ta zauna, ɗalibi ya zagaya baya, a miƙo mata kofin ruwa a ce ta haɗiye, maƙoƙon ya hau ya sauka. Ta sha ruwan da zai ƙosar da raƙumi. Mai sanyin hannu ta sa shi ya murza tafukansa, wanda ya manta gaisuwa ta mayar da shi ƙofa ya sake shigowa. Likita ba ya hana ta, ya ce rabin karatun ke nan. 'Ya'yana take ce masu, kuma da gaske take son su.

Da mulki ya koma hannun farar hula, sababbin 'yan siyasa suka shigo da tiyata kyauta don a gani a ƙasa. Lokacin numfashin Safara'u ya fara sarƙewa in ta kwanta, tana ɓoyewa. Wata ɗaliba, Zulaihat, ta ji wata ƙara a maƙogwaronta ta kai wa likita. Shi kuwa bai yi kwana-kwana ba, ya ce ko a cire abin ko ya shaƙe ta.

"Likita, in an hidda shi, da mi za ni koya ma yaran?"

"Inna, da gawa ma ana koyo. Ba na son ki kai can."

Ta zage shi tas, sannan ta yarda. Aka yi aiki lafiya, har ɗan majalisa ya zo aka ɗauke su hoto tana barci. Likita ya roƙi maƙoƙon, aka ba shi a kwalba.

Da ta warke ta ci ado ta bi mota zuwa asibitin ƙauyen. Ta tarar da sababbin ɗalibai sun kewaye kwalbar a kan tebur, suna jiran likita ya fara bayani. Ɗaya ya gaishe ta da ladabi, ya ce Inna ta yi haƙuri ta bi layin marasa lafiya. Wannan ya yi mata zafi fiye da wuƙar. Maƙoƙo ya samu aikin dindindin, ita an yi mata ritaya.

Kofinta na nan a taga inda ta bar shi. Ta ɗebi ruwa da kanta, ta zauna a kujerarta ta dā, ta miƙe wuya ta haɗiye. Ruwan ya wuce sumul, ba wanda ya waiwayo.