Mai Ƙulli Uku a Mayafi

Ranar kasuwar Cadakori, wata makauniya ta tsaya gaban rumfar Muntari mai tura waƙoƙi a salula. Doguwa ce, da lalle a tafin hannu, sandarta kuwa ta sha riƙo har tana sheƙi. A gefen mayafinta akwai ƙulli uku, kowane da katin memuwar, ɗan katin nan na ajiye sauti a salula, a ciki. Yatsunta na laluba su, ta wuce na tafsiri, ta wuce na wa'azi, ta kwance na uku.

"Ɗana, littafin da ake karantawa a rediyo, sa mini kashi na tara."

Muntari ya tura, ya miƙa mata. Ta sa katin a salularta, ta kara a kunne, ko minti guda ba a yi ba ta girgiza kai.

"Wannan na takwas ne. Nan ne ɓarawon shanu ya faɗa rijiya, na tara kuwa fito da shi za a yi."

Ya duba ordinatar, wato kwamfutarsa, ya ga gaskiyarta. Kunya ta kama shi. Yana gyarawa yana tunanin nisan garin da ta fito: da ta tafi da kuskuren nan, sai wata kasuwar, kwana bakwai cur. Ƙila ma ba ita kaɗai ke saurare ba.

"Inna, duk wannan ke kaɗai?"

Ta ƙulle katin tam, tana dariya.

"Ni kaɗai? Matan unguwarmu goma sha ɗaya, duk da idonsu garau, suna can zaune suna jira in je in buɗe musu littafi."